Kundin aikin littafin Mid-South: zama a ƙarƙashin Bill Watts

5 ga Janairu, 2025

Yau na fara aikin da na daɗe ina jan ƙafa a kansa: ɗan littafi da Hausa a kan kamfanin kokawar Turawa na Mid-South, da irin zaman da 'yan kokawa suka yi a hannun mai kamfanin, Bill Watts, daga 1979 zuwa 1987. Babi takwas na tsara. Na sayi littafin rubutu mai kauri, na ware awa biyu kullum bayan sallar isha'i.

Mu da muka tashi muna leƙen resilin ta tagar maƙwabta mun san fuskokin 'yan wasa, amma ba mu san wanda ke bayan labule yana juya su ba. Wannan shi ne dalilina na farko. Na biyu ya fi kusa da zuciyata. Ina saurayi na yi shekara uku ina yanka tikiti a ƙofar wani gidan dambe, ƙarƙashin wani maigida da ko gyaran murya ya yi sai cikinmu ya ɗuri ruwa. Da na fara sauraron tsofaffin 'yan kokawar Amurka suna ba da labarin Watts, sai na ji kamar a gabana aka yi komai.

Kafin kamfani ɗaya ya haɗiye harkar, an yanka Amurka ne yanki-yanki. A 1948 masu shirya wasa suka haɗu a garin Waterloo na jihar Iowa suka kafa ƙungiyar NWA. Kowane maigida yana da garuruwansa da shirinsa na talabijin da 'yan wasansa, kuma ba mai shiga gonar wani. Littafin zai tsaya a gona ɗaya daga cikinsu.

12 ga Janairu

Na gama daftarin babi na ɗaya, shafi tara da hannu.

An haifi Watts a 1939 a Oklahoma. Ƙato ne, ya buga ƙwallon Amurka a jami'ar jiharsu, ya shiga kokawa a farkon shekarun 1960, kuma a 1965 har ya kai ga karawa da zakara Bruno Sammartino a babban zauren Madison Square Garden na New York. Wato ba ɗan kasuwa ne da ya shigo harkar da jaka a hannu ba. Ya sha faɗuwa a dandali, ya kwana a mota, sannan ya koyi ƙulla labarin wasa a wurin Eddie Graham na Florida. Shi ya sa ba ɗan wasan da zai kawo masa uzuri ya karɓa. Duk abin da za ka ce ya same ka, ya riga ka gani.

Yankin asali na Leroy McGuirk ne, tsohon zakara mazaunin Tulsa, wanda ya rasa ido ɗaya yana yaro, ya rasa ɗayan a haɗarin mota a 1950, ya ci gaba da gudanar da kamfani yana makaho. Jim Ross, wanda duniya ta sani daga baya a matsayin mai sharhi, a wurinsa ya fara a 1974, yana tuƙa shi yana karanta masa takardu. A 1979 Watts ya raba gari da McGuirk, ya ɗauki Louisiana da Mississippi ya sa wa kamfaninsa suna Mid-South. A 1982 Oklahoma da Arkansas suka dawo hannunsa. Yana kuma tura 'yan wasansa Houston, wurin Paul Boesch mai shirya wasa a can.

19 ga Janairu

Kwana uku ina kan taswira. Na zana ta a bayan tsohuwar kalanda, na ɗiga garuruwan da jan biro: New Orleans, Baton Rouge, Lake Charles, Alexandria, Monroe, Shreveport, Jackson, Biloxi, Little Rock, Tulsa, Oklahoma City, Houston. Sai da na haɗa ɗigon da layi na gane abin da mutanen nan ke nufi idan suka ce hanya ce ta cinye su, ba duka ba.

Daga New Orleans zuwa Oklahoma City kimanin mil 700 ne, wato kusan Kano zuwa Legas. Daga New Orleans zuwa Shreveport, duk a cikin jiha ɗaya, ya haura mil 300, kuma a lokacin ba a kammala babbar hanyar da ta ratsa tsakiyar Louisiana ba. Siririn titi ne mai hannu biyu, ga fadama dama da hagu, ga hazo da dare. Ranar Litinin ana wasa a New Orleans. Laraba ana ɗaukar shirin talabijin a Shreveport, a wani ɗan zauren wasannin yara mai suna Irish McNeil Boys Club, mai ɗaukar mutum 'yan ɗaruruwa. Lahadi sau da yawa wasa biyu ne, ɗaya a Oklahoma City ɗaya a Tulsa. Mil dubu biyu zuwa uku a mako abu ne da aka saba. Shi ya sa da yawansu suka kama haya a Alexandria, don tana tsakiya, ba don tana da wani abin sha'awa ba.

Motarka ce, manka ne, ɗakin kwananka daga aljihunka. Mutum huɗu su cusu a mota ɗaya su yi karo-karon kuɗin mai. A gama wasa wajen ƙarfe sha ɗaya na dare, jiki duk tsami, a kama sitiyari har gabannin asuba. Na tuna direbobin daf da ke tashi Kwanar Dawaki da dare, sai dai su direbobin ba wanda ya ɗaga su sama ya maka da ƙasa kafin su hau mota.

Taswirar za ta shiga littafin. Zan nemi mai zane ya gyara ta.

26 ga Janairu

Matsalar kalmomi. Na kai wa Yaya shafukan farko, ya karanta ya ce, "Kai ka san abin da kake nufi, amma wanda bai taɓa kallo ba fa?" Gaskiyarsa.

Mun zauna mun tsayar da wasu. Wanda jama'a ke so: gwani. Wanda aka ɗora wa baƙin jini: mugu. Mai tsara wa zai ci, wa zai faɗi, da yadda rigima za ta gudana mako bayan mako: maƙullin labari. Dokar nan ta ɓoye wa 'yan kallo cewa wasan a tsare yake, na so in ce sirrin sana'a, Yaya ya ce rufin asiri ya fi, domin kowa ya rufa wa kowa ne a ci abinci. Na bi tasa.

Ya kuma ce in faɗa tun a gabatarwa cewa an san mai nasara kafin a shiga dandali, kada mai karatu ya auna abin da ma'aunin dambe ko kokawar gargajiya, inda kaye kaye ne. Na yarda. Amma zan ƙara da cewa faɗuwar gaske ce, jinin na gaske ne, ƙashin da ya karye bai san an tsara komai ba.

8 ga Fabrairu

Babi na uku, babin dokoki, shi ne ƙashin bayan littafin, kuma shi ya fi ba ni wahala.

Ka iso wurin wasa awa guda kafin a fara, in ka makara tara. Gwani da mugu ba su shiga mota ɗaya, ba su cin abinci wuri ɗaya, ko da a zahiri aminai ne. In aka gan ku tare a gidan mai, kun gama yawo. In ka shiga rigima da wani a mashaya ka bari ya yi maka duka, ka rasa aikinka. A dandali kuma yana son duka ya yi kama da duka. In ka kai naushi aka hango iska tsakanin hannunka da fuskar abokin karawarka, za ka ji daga gare shi a gaban kowa. Yana da wakilai a kan hanya, irin su Grizzly Smith, masu kai masa rahoton wa ya makara, wa ya yi wasan ganin dama. Shi yana ofishinsa a Bixby kusa da Tulsa, amma kamar yana kowane ɗakin sauya kaya.

Labarin Steve Williams ya isa misali. Fitaccen ɗan kokawar jami'ar Oklahoma ne, ɗan gaban goshin Watts. Gwiwar hannun Brad Armstrong ta fasa masa gefen ido, aka yi masa ɗinki 108, ya koma ya yi kokawa a wannan daren. Ana ba da labarin nan da alfahari. Ni na rubuta shi na ajiye biro na daɗe ina kallon bango.

Dokokin ba na banza ba ne, dole in yi masa wannan adalcin. Abin da Watts ke sayarwa shi ne yarda. Ma'aikacin rijiyar mai da ya biya kuɗin ƙofa daga guminsa, in ya ga mutum biyun da suka yi rantsuwar kashe juna suna raba gurasa a bakin hanya, ba zai dawo ba. In wani ɗan gari ya tumurmusa zakaranka a mashaya, gobe duk garin ya ji, wa zai biya ya kalli zakaran? Har hana tsalle daga saman igiya da ya yi yana da hikima: abin da aka haramta, ranar da mugu ya faki idon alƙali ya aikata shi, sai zauren ya kama da wuta. Na kalli shirye-shirye goma sha huɗu na 1982 a jere. Ba minti ɗaya na banza. Shi da kansa yakan zauna gefen Boyd Pierce mai riguna masu walƙiya, yana bayyana dalilin kowane riƙo kamar mai sharhin wasan gaske.

Ina cikin rubuta wannan sai wata la'asar ta dawo mini. Tayar kekena ta yi faci a hanya, na iso gidan dambe an riga an fara kiɗa. Maigida yana tsaye a bakin ƙofa da agogo a tafin hannunsa, ba a ɗaure ba. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, taya ce." Bai ce uffan ba. Ya zare kundin tikitin daga aljihun rigata ya miƙa wa wani yaro, ya nuna mini igiyar da ake tare mutane da ita. Na riƙe igiyar nan har magariba, rana tana dukan ƙeyata, 'yan kallo suna ture ni, na koma gida ko sisi babu. Ban sake makara ba har na bar wurin. Ban kuma manta ba.

16 ga Fabrairu

Babi na huɗu ya zo da sauƙi, domin labarin da kansa yake tafiya.

Sylvester Ritter baƙar fata ne daga North Carolina. Bai iya riƙo iri-iri ba, amma in ya fito da sarƙa a wuya yana taku, zauren kan girgiza. Watts ya raɗa masa Junkyard Dog, wato karen da ke gadin bolar ƙarafa, ya ɗora shi a saman kowa. A kudancin Amurka na 1980 wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sauran masu shirya wasa sukan ajiye baƙar fata ɗaya a tsakiyar jeri don ado. Watts ya dubi yawan baƙaƙen New Orleans ya gina kamfaninsa a kan ɗaya daga cikinsu. Ernie Ladd, tsohon ɗan ƙwallon San Diego Chargers, shi ma baƙar fata, yana cikin maƙullan labarinsa.

A 1980 aka tsara cewa 'yan Freebirds, Michael Hayes da Terry Gordy da Buddy Roberts, sun shafa wa Dog man cire gashi a ido ya makance. A daidai lokacin matarsa ta haihu da gaske, sai aka shaida wa jama'a cewa bai iya ganin fuskar 'yarsa ba. Mutane suka riƙa aiko masa da kuɗi a ambulan. Talakawa ne fa, masu aikin yini. Shi kuma doka ta hau kansa: ya zauna a gida, in zai fita sai da baƙin tabarau da ɗan jagora. Hayes ya sha ba da labarin daren da wani ɗan kallo a New Orleans ya tsallako shinge da bindiga ya auna shi don ya kare Dog, Dog yana zaune a gefe a matsayin makaho, yana ganin komai, yana tunanin ko ya tashi ya tona asiri ko ya bari a harbe abokin aikinsa. Masu tsaro suka riga shi.

Ranar 2 ga Agusta, 1980, aka haɗa su a Superdome, babban filin wasa mai rufi na New Orleans, cikin keji, an ɗaure wuyan Dog da na Hayes da sarƙa ɗaya. Dubi dabarar: makaho ba ya ganin abokin gaba, amma in sarƙa ta haɗa su zai jawo shi ya lalubo shi. Mutane sun haura dubu 25.

Na tsaya a kan kuɗin ambulan ɗin fiye da yadda na yi niyya. Gwaninta ce, ba musu. Amma tsohuwar da ta cire daga kuɗin cefanenta ta aika wa makahon da ba makaho ba, ita ma tana cikin lissafin, kuma na ba ta sakin layi guda.

23 ga Fabrairu

Na je gaida wani dattijo, tsohon ɗan damben Arewa da na sani tun zamanin ƙofa. Yanzu hannunsa na dama ba ya dunƙuluwa sosai. Na same shi a kan tabarma yana jan carbi da hagu. Na kwashe labarin Watts na faɗa masa, tara da kora da duka.

Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, duk wannan ba komai ba ne. Wanda ya ci ladan kuturu ai sai ya yi masa aski. Tambaya ɗaya zan yi maka. Wa ke ƙirga kuɗin ƙofa?"

Na ce, "Shi da mutanensa, Baba."

"'Yan wasa suna wurin?"

"Ba sa nan."

Ya gyaɗa kai. "To nan maganar take. Mu a fage, in na yi kisa, karin da aka yi mini a gaban jama'a ake liƙa shi, na ga abina da idona. Wanda ke shiga ɗaki ya rufe ƙofa ya fito ya ce ga rabonka, ko mai gaskiya ne, kana hannunsa."

Na dawo na buɗe babi na uku na ƙara shafi biyu. Haka tsarin yake a yankunan: ba albashi tsayayye, ba rubutacciyar yarjejeniya mai kare ka, ba inshorar lafiya. Maigida ne ke duba abin da ƙofa ta kawo ya yanke wa kowa rabonsa gwargwadon matsayinsa a jeri. In ka ji rauni ka kwanta, ba wasa ba kuɗi, wani kuma ya hau gurbinka. Sai yanzu na fahimci ɗinki 108 ɗin nan da kyau. Jarumta tana ciki, amma tsoron rasa gurbi ma yana ciki. Da yawa daga waɗanda suka yi aiki da Watts sun shaida cewa in gida ya cika yana biya da kyau, fiye da maƙwabtansa na Memphis. Na rubuta wannan ma.

27 ga Fabrairu

Azumi ya ƙarato. Na ɗaure takardun da roba na sa a akwati. Babi huɗu a ƙasa, huɗu suna jira.

9 ga Afrilu

Na dawo bayan sallah. Zafi ya sa na mayar da lokacin aiki bayan asuba.

Babi na biyar a kan 1984 ne, shekarar da kamfanin ya fi samun kuɗi, kuma shekarar da ginin ya fara tsagewa. A ƙarshen 1983 kasuwa ta yi sanyi, Watts ya gayyaci Jerry Jarrett, maigidan yankin Memphis, ya duba masa. Aka yi musayar 'yan wasa. Watts ya karɓi Bill Dundee a matsayin maƙullin labari, da Ricky Morton da Robert Gibson, da Bobby Eaton da Dennis Condrey tare da manajansu Jim Cornette, yaro ɗan shekara 22 mai bakin tsiya. Mutumin da ya gina kamfani a kan ƙarti ya yarda ya sa 'yan samari marasa jiki a gaba, 'yan mata suka cika zaure. Wannan ya nuna mini taurin kansa yana da iyaka: in lissafi ya nuna ya yi kuskure, yana juyawa. Watts ya mari Cornette a talabijin, ya fito daga ritaya ya haɗa kai da Dog wanda ya rufe fuska da sunan Stagger Lee, suka zaga garuruwan yankin har Superdome a watan Afrilu, gidaje suna cika maƙil.

A can New York kuwa, Vince McMahon, wanda ya sayi kamfanin mahaifinsa a 1982, ya yi fatali da dokar gona. A Janairun 1984 ya ɗaura wa Hulk Hogan kambu, ya shiga zawarcin taurarin kowane yanki. Kafin shekarar ta ƙare Dog ya koma wurin McMahon, ba sallama, ga wasanni an riga an yi shelar sunansa a kansu. Watts ya fusata, ya riƙa nuna hotunan inda aka doke shi yana aibata shi a talabijin. Ya gwada George Wells, ya gwada Snowman, ya gwada wasu, yana neman wani baƙar fata da zai maye gurbin. Jama'ar New Orleans ba launi kawai suka bi ba, mutum suka so, kuma ba su dawo kamar da ba.

Masu sharhi da yawa suna kiran abin da Dog ya yi butulci. Na kasa rubuta kalmar. Ranar da aka yi mini hanyar aiki a wani shagon kayan gini, ban je na yi wa maigidana sallama ba. Na ba wani yaro kundin tikitin na ce ya kai masa. Shekara uku ina gaishe shi a durƙushe, amma ko sau ɗaya bai sa na ji cewa in na faɗi zai ɗaga ni ba, don haka da ƙofa ta buɗe ban ga abin da zan tsaya in yi bayani a kai ba. Har yau abin yana damuna, domin ya koya mini aiki, kuma ya rasu ban koma ba. Dog ya samu a hannun Watts abin da ba wanda ya taɓa ba shi. Duk da haka zaman nasu na kuɗin ƙofar daren jiya ne, kuma su biyun sun san haka. Dog ya rasu a haɗarin mota a Mississippi a watan Yunin 1998, yana dawowa daga bikin kammala sakandaren 'yarsa.

20 ga Afrilu

Gajeren babi na shida, a kan Kamala. Muna yara mun ɗauka da gaske daga Uganda yake. James Harris ne sunansa, haifaffen Mississippi, ɗan gidan masu noman auduga. A Memphis aka ƙirƙiro masa siffar a 1982, fenti a fuska da ciki, ba takalmi, ba magana, sannan ya zo Mid-South ƙarƙashin manaja Skandor Akbar, wanda shi ma ɗan Texas ne. Dokar rufin asiri ta fi yi masa nauyi, domin shi ko Turanci bai kamata a ji yana yi a bainar jama'a ba.

Raina ya sosu da na sake kallon yadda aka nuna Afirka a jikinsa. Na rubuta hakan ba kwana-kwana. Na kuma rubuta cewa mutumin ya yi aikinsa da ƙwarewa, ya ci abinci da shi, daga baya ya koma tuƙin babbar mota, ciwon sukari ya sa aka yanke masa ƙafafu biyu, ya rasu a 2020.

4 ga Mayu

Babi na bakwai. Wuta ta yi kwana biyu ba ta zo ba, na rubuta rabinsa da fitilar waya.

A 1985 shirin Mid-South ya samu shiga tashar Ted Turner mai kaiwa ko'ina a Amurka, ya kuma ja 'yan kallo sosai, amma cikin 'yan watanni gurbin ya koma hannun Jim Crockett, maigidan wani yankin. A Maris 1986 Watts ya sauya wa kamfanin suna zuwa UWF don ya fita daga rigar yanki ya kara da McMahon a faɗin ƙasa. Terry Gordy ya zama zakaran farko a Houston a watan Mayu. Fita ƙasa baki ɗaya na nufin biyan tashoshi da yawa kuɗi su nuna shirinka, da fatan ƙofa za ta mayar.

Sai farashin ɗanyen mai ya rushe. Ganga da ke kusan dala 30 a ƙarshen 1985 ta gangaro wajen dala 10 a 1986. Louisiana da Oklahoma da Texas a kan mai suke zaune. Aka rufe rijiyoyi, aka sallami ma'aikata, rashin aikin yi a Louisiana ya haura kashi 12 cikin ɗari. Waɗanda ke cika zauren Watts su ne waɗannan ma'aikatan. A nan na ajiye biro, domin na san shekarar. Faɗuwar man nan ce ta same mu a Najeriya, a shekarar gwamnatin Babangida ta kawo SAP, naira ta fara zubewa, mahaifinmu ya daina sayen madarar gwangwani. Ashe muna kallon mutanen nan a talabijin, guguwa ɗaya ce ke kaɗa mu da su.

Taurarinsa suka riƙa zamewa: Jim Duggan ya tafi, Jake Roberts da Butch Reed sun riga shi. A Afrilun 1987 Watts ya sayar wa Crockett. Shi ya fita da kuɗin ciniki. Waɗanda suka yi shekaru suna bin titin Alexandria da dare suka wayi gari da sabon maigida wanda yake da nasa yaran. Kaɗan ne suka tsira da matsayi, irin su Sting da Rick Steiner da Jim Ross.

18 ga Mayu

Babi na takwas ya hana ni barci.

A 1992 kamfanin kokawa na WCW, mallakar Turner, ya ɗauko Watts ya ba shi ragama. Ya zo da dokokinsa na da: ba tsalle daga saman igiya, a kwashe katifun da ke kewaye da dandali a bar siminti, ba mai tafiya gida sai an gama wasan ƙarshe, gwani da mugu kowa da hanyarsa. Ya shiga rage kuɗin yarjejeniyoyi, ya kuma tura ɗansa Erik gaba tun bai nuna ba. Amma waɗannan 'yan wasa ne masu takarda a hannu, kuma 'yan kallo sun riga sun san wasan a tsare yake. Tsananin da a 1980 yake kare wani abu, a 1992 ya zama tsanani kawai.

Ranar 2 ga Agusta, 1992, shekara goma sha biyu cif bayan daren sarƙa a Superdome, ya sa Ron Simmons ya doke Vader a Baltimore ya ɗauki kambun duniya, baƙar fata na farko da ya riƙe na kamfanin. Watts ɗin nan dai shi ne a wata hira ta 1991 ya kare haƙƙin mai shago ya ƙi sayar wa wanda ya ga dama, har ya kawo misalin Lester Maddox, wanda ya gwammace ya rufe gidan abincinsa a Atlanta da ya ciyar da baƙaƙe. Aka aika wa Hank Aaron hirar, baƙar fata, gwarzon ƙwallon baseball kuma babban jami'i a ƙungiyar Atlanta Braves ta Turner. A Fabrairun 1993 Watts ya bar kujerar.

Na yi daftari uku. A na farko na wanke shi, a na biyu na tsine masa, duka biyun ƙarya ne. A na uku na jera abin da ya yi da abin da ya faɗa, na bayyana ra'ayina a fili: ya ɗaga Dog da Simmons ne domin ya ga kuɗi da cancanta a inda wasu suka rufe ido, wannan abin yabo ne, amma bai kai shi ga ganin cewa mutuncin baƙar fata a bakin ƙofar gidan abinci ba abin ciniki ba ne. Na bar na ukun.

1 ga Yuni

An yi ruwan farko mai ƙarfi jiya, iska ta shigo ta jiƙa gefen taswirar, na shanya ta a kan gado. Mai zanen ya ce in kawo ranar Laraba.

Babi takwas duk suna ƙasa, shafi 94 da hannu. Yaya ya karanta duka. Ya ce babi na uku ya yi tsawo, kuma labarin igiyata ya fi dacewa da gabatarwa. Na ce zan duba, amma zuciyata tana son ya zauna kusa da ɗinkin Williams. Ya kuma lura ban ce komai ba a kan daren Nuwamban 1985 da Dick Murdoch ya fasa wa Ted DiBiase kai kafin karawar DiBiase da zakaran duniya Ric Flair, DiBiase ya fito da bandeji jini na zuba, ya shiga dandali yana mugu ya fita yana gwani a cikin shiri ɗaya. Ya yi gaskiya, wannan ne ya fi nuna abin da tsarin Watts ke iya haifarwa in komai ya zauna daidai. Zan sa shi a ƙarshen babi na biyar.

Saura bugawa a kwamfuta, wanda zan fara gobe da babi na ɗaya. Ranar Juma'a bayan masallaci zan koma wurin Baba in karanta masa shafuka biyun da tambayarsa ta haifar, in ji ko na faɗe ta yadda ya nufa.